Kyanwarki Ta Ƙi Hannuna

Daga Gure, ranar Alhamis, sha biyu ga watan Azumin Tsofaffi, shekara ta 1354 daga Hijira.

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Wannan takarda ta fito daga bakin Habsu ƴar Lawali, zuwa ga ƙanwata ciki ɗaya, Kellu matar Abarshi, wadda ke zaune a Abeshe ta ƙasar Wadai a kan hanyarta ta zuwa Makka. Gaisuwa mai yawa, da so, da yarda, da aminci. Ina roƙon Allah ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da ɗan da muka ji kin haifa a can, wanda har yau ba mu san kamanninsa ba. Allah ya raya shi, ya sa mai jin ƙan iyayensa ne, ya buɗe muku hanya ku isa Ɗakinsa, ku dawo mana da ƙafafunku. Mu nan lafiya lau, sai godiya. Malam Ma'azu na masallacin unguwarmu ne yake rubuta mini, kuma tun kafin ya fere alƙalami na roƙe shi ya sa magana yadda ta fito daga bakina, kada ya shafa mata zuma. In kin ji inda ta yi kaushi, ba laifin Malam ba ne, kin dai san yayarki. Garbai na Gidigir, wanda ya yi niyyar gabas bayan kaka, shi zai riƙo miki ita.

Damina ta yi mana kyau bana, ba kamar shekarar fara ba da kika tafi kika bar mu muna auna tsaba da tafin hannu. Gero ya yi, rumbu biyu sun cika, na uku ya kai wuya. Lambun kwari ma ya yi albarka, ruwa kusa yake, kamu uku ka tarar da shi, kuma har na yafa irin albasa. Dabinon nan da Baba ya dasa a gefen rijiya ya yi ƴaƴa karo na farko, na ajiye miki ɗan mudu a tulu ko da yake ban san ranar zuwanki ba. Kumandan, Baturen mulki, ya sa an kwashi maza aikin hanyar Damagaram, abokin wasanki maigidana ya yi kwana ashirin a can, ya dawo da tari da baƙin rai, amma tarin ya tafi. Inna Mairamu ta unguwarmu ta rasu a tsakiyar damina, ba ta yi doguwar jinya ba, ki sa ta a addu'a. Ƴata A'i kuwa, ƴarki, an sa ranar aurenta, wata mai kamawa kafin azumi, da ɗan gidan Ɗan Talata mai raƙuma, wanda ita da kanta ta nuna.

To, yanzu sai abin da ya zaunar da ni gaban Malam. Maganar kyanwarki ce, Ƴar Toka. Na san gabanki ya faɗi, na san kin dafe ƙirji kina cewa mai karatu ya tsallaka ya gaya miki ƙarshe. A'a, wallahi ba za ki ji ƙarshen ba sai kin bi ta inda na bi. Ki tuna ranar da za ku tashi, shekara uku ke nan. An ɗaure kaya a kan takarkari, gida ya cika da koke-koke, kika rungume ni sama-sama kamar mai sallamar maƙwabciya, sannan kika durƙusa bakin rumbu kika ɗauki kyanwa kika yi ta kuka a cikin gashinta har sai da Abarshi ya yi magana sau biyu. Kika miƙo mini ita kika ce amana ce, in riƙe miki har ki dawo. Ni da na goya ki har bayana ya yi kanta, ni da na cire miki ƙaya a ƙafa ba adadi, ban sami rabin hawayen da ta samu ba. Na haɗiye, na miƙa hannu na karɓa, ita kuwa ta yakushe ni ta dire ta shige bayan ɗaki.

Shekara ukun nan, Kellu, ban taɓa barin ta da yunwa ba. In an tatso nono ita ce ta farko, in an yi yanka tana da rabonta, ko lokacin da muke ƙarancin abinci ban hana ta ba. Amma ko sau ɗaya ba ta ci a gabana ba. Sai na ajiye kasko na juya baya na yi nisa, sannan ta fito tana sanɗa, ta ci tana waige kamar ɓarauniya. In na shigo tsakar gida ta fita, in na fita ta shigo. Aikinta dai tana yi, ɓera bai taɓa mana iri ba, wannan ba zan ci haƙƙinta ba. Kuma tun da ranar wanka ba a ɓoyon cibi, bari in gaya miki abin da ban taɓa gaya miki ba. Shekarar da kika tsinto ta, ranar da kika tafi biki Bune, ta sa baki a ƙwaryar nonona, na jefe ta da muciya, ta same ta a ƙugu. Ɗingishin da kika dawo kika tarar tana yi, wanda na ce miki jaki ne ya taka ta, to ga jakin nan yana yi miki magana. Sau ɗaya ne tak, shekara biyar da suka wuce, amma ta riƙe shi kamar jiya aka yi.

Kwana ashirin ke nan muka yi baƙi aka yanka kaza, na ware mata wuya da ƙasusuwa, don dai in sayi zuciyarta. Ashe tsinin ƙashi ya soke ta a dasashi. Kafin kwana biyu baki ya kumbura, yawu na dalala, ga wari, ta zo gaban kasko ta sunsuna ta koma. Akwai wata maƙwabciyarmu Yabawa, mai sayar da man shanu, ba ki san ta ba, bayan tafiyarki ta zo daga Bune, ta san ciwon dabba ƙwarai. Ta leƙa ta daga nesa, ta ba ni garin bagaruwa da ƴar jar kanwa, ta ce in kwaɓa da man shanu a shafa mata a dasashi safe da yamma har kwana goma, in ba haka ba bakin zai ruɓe yunwa ta kashe ta. Sai abokin wasanki ya ce wannan ai ba aiki ba ne, shi da ya yi wa raƙumi ɗura tun gemunsa bai fito ba. Ya ce shafawa wasan mata ne, ya dama maganin da ruwa, ya jefa mata bargo, ya ɗaure ƙafafunta huɗu da igiyar kaba kamar akuyar da za a kai kasuwa, ya matse ta tsakanin gwiwoyinsa. Ya ce in riƙe kai in ɗaga, shi kuma ya kawo ƙaramin ƙahon da yake yi wa ƴan awaki ɗura. Wayyo Kellu, kukan da ta yi ban taɓa jin dabba ta yi irinsa ba. Ta saki fitsari, ta shaƙe, ta murɗe jiki har ƙafa ɗaya ta zare daga igiya, ta tsaga masa kumatu layi uku kamar wanzami ya ƙara masa aska. Magani ya ƙare a rigarsa da zanena, ko ɗigo bai zauna a bakinta ba. Shi ya ɗaure ta, shi ya kawo ƙahon, amma ni ce na riƙe kan, don haka fuskata kaɗai ta gani.

Ta shige ƙarƙashin babban rumbu, can tsakanin duwatsun da aka ɗora shi, inda hannu ba ya kai. Kwana uku tana nan, ba ci ba sha. Ni kuwa, mace mai shirin aurar da ƴa, na kwanta rub da ciki cikin ƙasa ina leƙe, ina mus-mus, ina ƙoƙarin siranta murya irin taki. In ta ji ni sai ta ƙara matsawa ciki ta yi mini huci. Idanunta kaɗai nake gani, kuma kullum suna ƙara faɗawa. Na ce a raina shi ke nan, amana za ta mutu a hannuna, da ƙashin da ni na ba ta, in kin dawo ki tambaye ni in ce miki me? Da Yabawa ta ji abin da muka yi sai ta riƙe baki, ta ce kyanwa ba akuya ba ce, akuya a danne ta yau gobe ta biyo ka neman dusa, ita kuwa wannan tsoro ya fi ciwo saurin kashe ta. Ta ce kada in ƙara kallon ta ido cikin ido, kada in tsaya a kanta, in zauna ƙasa in ba ta gefe. Ta ce a kori maza da awaki daga wajen, kada a yi daka kusa, kuma a riƙa zuwa mata lokaci ɗaya kullum don ta san abin da ke tafe. In ta fito, kada in kama wuya, in naɗe ta a zane a hankali kai kaɗai a waje, in shafa maganin da ɗan yatsa ta gefen baki, abin da ya rage in goga mata a ƙafar gaba, da kanta za ta lashe don ba ta son ƙazanta. Amma ta ce duk wannan sai ta fito, kuma ba abin da zai fito da ita sai abin da hankalinta ya saba kwanciya da shi. Ta tambaye ni ko na san abin.

Na sani mana. Tun kafin ta rufe baki na sani, kuma sanin ya ƙona ni kamar na taka garwashi. Turarenki ne. Kin tuna yadda kike kife kwando a kan kaskon wuta ki shimfiɗa zannuwanki a kai su sha hayaƙi, da kin janye kaskon sai ta shige ƙarƙashin kwandon ta kwanta cikin ɗumi da ƙamshi? A nan ta girma. Kuma tun da na buɗe ciki, bari in juye shi duka. Turaren nan ya daɗe yana ci mini rai. Kakarmu Ya Fanna, Allah ya jiƙanta, mu biyu ta rena, amma ke kaɗai ta koya wa haɗin. Ni ke gangara kwari in tono kajiji, ni ke wanke shi, ni ke daka shi har tafina ya yi ƙuna, amma ranar haɗi sai ta ja ki ɗaki ta saki asabari. Da na yi magana ta ce, cikin Barbarcinta, hannuna na taɓarya ne, hancina kuma albasa ta riga ta kashe shi. Kowa ya yi dariya, ke ma kin yi, ƙila kin manta. Ni ban manta ba. Shekara ashirin, in na shiga gidan biki sai a ce ga yayar Kellu mai turare, kamar ni ba a raɗa mini suna ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Saboda haka ban tafi ga naki kai tsaye ba, girman kai bai bar ni ba. Na ce ai na ga abin da ake kaiwa ɗakin Ya Fanna ranar haɗi, zan haɗa nawa. Na daka kajiji, na gasa farcen turare, na sa kanumfari da ƙaro da zuma, na turara zane na kai bakin rumbu. Ta yi atishawa sau biyu ta juya mini baya. Na sake wani haɗin da rana, na sake da yamma, duk ɗaya. Rana ta huɗu da safe na leƙa, na ga ko hucin ma ta daina, kanta a ƙasa. Sai na tashi na shiga ɗaki na sauko da battar nan da kika liƙe da kakin zuma, wadda kika ce in ajiye wa A'i sai ranar aurenta, kika ce yana ƙara kyau in ya kwana shekaru. A'i ta shigo ta same ni da wuƙa ina kankare kakin. Ta yi kuka, Kellu. Ta ce ke innarta ita kika bar wa, ba dabba ba, ta ce shekara uku tana ɗaga battar tana sunsuna gefen murfi tana mayarwa. Ta ce na fifita kyanwar da ba ta ko son ganina a kan ƴar da na haifa. Maganar ta shige ni, don na san ɗacinta, amma ban ajiye wuƙar ba. Na ce mata amarya ba ta mutuwa don rashin ƙamshi. Har yau gaisuwarta gajera ce, kuma ban ga laifinta ba.

Da hantsi na kori kowa, na kife kwando a kan kasko, na ɗebi abin da yatsa biyu suka ɗauka na zuba a garwashi. Kellu, da hayaƙin ya tashi sai da na dafa ƙasa. Kamar kin ɗaga asabari kin fito kina gyara ɗankwali. Na turara zane biyu, na ɗaura ɗaya har ƙirji, na janye kaskon, na kai kwandon bakin rumbu da ɗayan zanen a kai, na ɗan tokare gefensa da dutse. Na zauna ƙasa na ba ta gefe yadda Yabawa ta ce, ina kallon darni kamar ba ruwana da kowa. Na daɗe, har ƙafata ta mutu. Can sai na ji motsi. Ta wutsiyar ido na gan ta tana jan ciki, ta rame ƙashin baya duk a waje, hanci na rawa. Ta wuce kwandon ma, ba ta shiga ba. Ni ta nufo. Ta sunsuna bakin zanen, ta ɗora ƙafa ɗaya a cinyata, ta ɗora ta biyu, ta hau ta cusa kai a cikina. Na jawo ɗayan zanen a hankali na naɗe ta, na lakato maganin na shafa ta gefen baki, ta ɗan zabura amma ba ta gudu ba, na goga sauran a ƙafarta ta shiga lasa. Sannan ta fara wannan gurnani nata na jin daɗi, wanda Ya Fanna ke cewa wuridi take yi, tana taka mini cinya da ƙafafu bi da bi. Shekara biyar muna gida ɗaya ban taɓa jin sa a jikina ba. Na yi kuka har hawaye na ɗiga a gashinta, kuma ban ɓoye miki ba, rabinsa murna ne, rabinsa baƙin ciki, don na san ba ni take yi wa ba.

Haka muka yi kwana goma, hantsi da la'asar. Kullum in turara, in ɗaura, in zauna, ta zo. Na koyi yin shiru, ni Habsu da ake ji daga bakin rijiya. Na koyi ɗumama man a tafi kafin in shafa, don na lura sanyinsa na sa ta zabura, na koyi ba ta ɗan nono mai ɗumi bayan magani don ɗacin kada ya zama shi ne abin da za ta tuna. Rana ta uku yawun ya tsaya, ta biyar kumburi ya saɓe, ta bakwai ta ci ɗan nama da na tauna mata da bakina. Batta kuwa tana ta sauka, ina rage abin da nake ɗiba, ina roƙon Allah ya kai mu. Abin da ya ƙara cika ni shi ne matan unguwa. Ƙamshi ya tsallaka darni, sai ga su ɗaya bayan ɗaya da fara'a har kunne, suna tambaya ko Kellu ce ta sauka. In suka ga ni ce zaune da kyanwa a cinya sai fara'ar ta ragu, su ce au, ashe ke ce, su yi sannu su juya. Ko ɗaya ba ta zauna ba. Har abokin wasanki ya shigo wata rana ya ja hanci ya ce gida ya yi kamar da. Na ce masa ya je ya nemi raƙumin da zai yi wa ɗura.

To, kwantar da hankalinki, tana raye. Bakin ya warke sarai, jiki ya fara dawowa, shekaranjiya ma na ga ta fito da gafiya daga bayan rumbu kusan girmanta. Amanarki na nan yadda kika bar ta. Turaren ya ƙare daidai ranar goma da la'asar, sai da na kankare gindin battar da tsinke. Rana ta sha ɗaya na yi wanka, na ɗaura zanena na kullum, wanda na san ba abin da ke jikinsa sai hayaƙin murhu da albasa. Na ce a raina, kwana goma tana kwance a cinyata, ta ji bugun zuciyata, ta ci daga bakina, ai ko dutse ne ya san hannun da ke juya shi. Na zauna a wurin nan, a lokacin nan, na ba ta gefe, da man shanu zalla a yatsana ba magani. Ta fito da saurinta, wutsiya a sama. Saura kamu ɗaya ta iso sai ta tsaya. Ta miƙo wuya ta sunsuna zanen, ta ɗaga kai ta dube ni a fuska, wannan kallon nata na da. Ba ta yi huci ba, ba ta gudu ba, wannan kam na samu. Juyawa kawai ta yi a hankali, ta tafi inda na jefar da battar a gindin darni, ta kwanta ta ɗora haɓa a kai. Na zauna da man a yatsa har ya narke ya gangaro mini gwiwar hannu.

Ga abin da nake roƙo, kuma Allah ya sani ban taɓa zaton bakina zai faɗe shi ba. Ki gaya mini haɗin. Na sake gwadawa sau huɗu bayan wannan, akwai abu ɗaya da Ya Fanna ta sa a hannunki bayan asabari wanda hancina bai kama ba, ƙila gaskiyarta ce game da albasar. Ki sami malami ya rubuta shi dalla-dalla, abin da ake sawa, da yawansa, da wanda ke riga wani shiga, ki ba duk mai zuwa yamma. Na gaya wa mutanen gida don A'i nake nema, in biya ta abin da na ƙona mata, kuma zan biya ta in Allah ya so. Amma ni da ke mun san kafin takardar nan ta isa Wadai an riga an kai ta ɗakinta da turaren kasuwa. Ba don in sayar ba ne kuma, ba na son a kira ni mai turare, sunan naki ne ki riƙe abinki. Don kyanwar ne. Na ɗanɗana nauyinta a cinyata kwana goma, yanzu in na zauna sai in ji wurin fayau. Na san ba ni za ta zo wa ba, na san ke za ta riƙa gani in ta rufe ido. Na yarda. Ko da ƙarya ne, ina so ta zo.

Ki gaida Abarshi da kyau, ki ce masa ƴan uwansa na Bune duk lafiya. Ki shafa mini kan yaron, ki riƙa gaya masa yana da uwa babba a Gure. Abokin wasanki yana gaishe ki, ya ce ki zo ki ga tsagar da kyanwarki ta yi masa kyauta. A'i tana gaishe ki, ta ce ki sa mata albarka daga nan inda kike. Yabawa ta ce a gaishe ki ko da ba ku san juna ba, haka ma Balkisu da Zainabu na gidan Kawu Illa, da shi Kawun kansa, da Malam Ma'azu da iyalinsa. In kin isa Ɗakin Allah ki roƙa wa Baba da Inna da Ya Fanna gafara, ni kuma ki roƙa mini Allah ya wanke mini zuciya, don ni na gwada na kasa. Allah ya sada fuskokinmu da alheri. Wassalam.

Ni ce yayarki,
Habsu, mai ciyar da kyanwar wata.